Idon da Na So In Rina

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san abin da ke cikin mahaifa tun ba a haife shi ba. Sunana Ummaru, marini ne ni a Wurno, haka ubana, haka kakana. Karatun boko da girmana na same shi a ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace sai ya yi haƙuri. Na rubuta wannan ne saboda duk wanda aka haifa wa ɗa da wata kama ta daban, kada ya yi abin da na yi wa ɗiyata Balki.

An haife ta zamanin Turawa, shekaru kaɗan kafin su tattara su tafi. Ita ce ta fari a wurina da matata Hajo. Idonta na dama baƙi wuluk kamar na kowa. Na hagu kuwa shuɗi ne mai haske, irin launin zanen da aka tsoma a rini sau ɗaya tak aka fitar. Da aka miƙa wa mahaifiyata ita, wadda muke kira Inna, ta dube ta sosai, ta ja zane ta rufe mata fuska. Na ɗauka kunyar jikar fari ce.

Inna tare muke zaune tun rasuwar ubana. Mace ce mai tsafta da son ado. Duk tsayuwar wata sai na dunƙula mata shuni mafi kyau a marinarmu, ta shafe kitsonta da shi har ya riƙa ƙyalli. Matan wajenmu da yawa suna haka, ban taɓa kawo komai a raina ba. Tun ina yaro ban taɓa ganin kanta babu shuni ba.

Shekara uku muka yi muna zaune da idon nan. Yarinya lafiya lau, ga ci, ga ƙiriniya, sai dai ba ta magana. Kowa ya ce jinkirin baki ne, kowane yaro da lokacinsa. Gidanmu bango ɗaya ne da mabuga, masu dukan zane da ƙatuwar tabarya tun hantsi har la'asar, amma Balki sai ta shimfiɗe ta yi barcinta a gindin bangon. Har alfahari muke yi muna cewa mun haifi mai sanyin hali.

Abin ya taso ne da bazara, wajen wani suna. Wata mata ta kalli idon Balki, ta janye ɗanta ta ɓoye shi a bayanta tana tofa addu'a. Inna na wurin. Ta dawo gida ranta a ɓace, ta kira ni.

Ta ce, "Ummaru, idon ɗiyag ga hakiya ta. In ba a yi mata magani yanzu ba, wa za shi ɗaukat ta in ta girma? Kana ji mi aka kiranta cikin gari?"

Na ce, "Mi aka kiranta, Inna?"

Ta ce, "Ba ni hwaɗi da bakina."

Makon farko kwalli aka yi ta ɗura mata safe da yamma, sai nonon mai jego da Hajo ke roƙowa a maƙwabta. Ido yana nan shuɗi abinsa. Mako na biyu wani kawun Hajo ya aiko daga Gandi da saiwa a ƙunshe, a jiƙa a ɗiga. Wata gwaggo daga Magarya ta ce hayaƙi za a yi. Duk wanda ya shigo gaisuwa likita ne, kuma kowa ya san wani da ya warke da nasa maganin, sai dai ba a taɓa nuna mana mutumin ba. Idon ya fara ja yana hawaye, aka ce ai ciwon ne ke fita.

Yanzu na zo inda alƙalamina ba ya son tafiya. Ni mutum ne mai taƙama da sanin launi. Ina duban kumfar rijiyar rini in gaya maka ko ta nuna ko saura kwana biyu. Kullum na kalli idon Balki, abin da zuciyata ke gaya mini shi ne, wannan rini ne bai kama ba, tsomi ɗaya ya samu, da za a ƙara masa da ya yi baƙi kamar ɗan'uwansa. Ban yi shawara da kowa ba. Wata safiya na ɗebo ruwan baba daga rijiyar da ta fi nuna a ɗan ƙoƙo, na tace da ƙyalle, na ɗora Balki a cinyata. Tana ta wasa da yatsuna, don tana son shuɗin da ke hannuna. Na buɗe idon na ɗiga mata sau uku.

Na san akwai toka a ruwan nan. Ni nake zuba ta da hannuna, ita ce ke tsattsage mana fata. Amma ranar hankalina ya tafi kiwo. Ƙarar da Balki ta yi har yau tana cikin kunnena. Hajo ta fito da gudu daga madafa, ta ga ƙoƙon, ta ga hannuna, ta fizge yarinyar ta yi wajen randa tana sheƙa mata ruwa a fuska. Likita ya gaya mana daga baya cewa ruwan randar nan shi ya ceci idon.

Hajo ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Malam, ɗiya ta, ba zane ba ta."

Kafin azahar ido ya kumbura ya rufe ruf. Kwana biyu ya fara ruwa, ya manne, sai an jiƙa auduga da ruwan ɗumi an daɗe ana shafawa kafin fatar ta rabu. Ga zazzaɓi. Abinci ba ta karɓa sai kunu, shi ma daga hannun uwarta kaɗai. Ni kuwa da ta hango ni sai ta ɓoye fuska a zanen Hajo. Na bar zuwa marina, zannuwan mutane suka yi ta jira, rijiya guda ta lalace don ba mai motsa ta. Ban damu ba.

A mako na uku muka kai ta disfensare. Mun isa da sassafe muka tarar da layi har gindin bishiya: masu gyambo, masu tari, mata da goyo. Rana ta take kafin a kira mu, sau biyu kuma ana shigar da waɗanda suka zo bayanmu don suna da manyan riguna. Wannan ya ci mini rai, har yau ban yafe ba. Amma malamin asibitin, Allah Ya saka masa da alheri, ya wanke idon da hannunsa a hankali, ya sa mata wani man shafawa, ya tambaye ni abin da aka zuba. Na gaya masa gaskiya. Ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Kai da ka san abin da toka ka yi ma hannu? To ji nan. Wanga mai za shi kwantar da kumburi, amma ka kai ta babban asibiti birni, akwai likita Bature mai duban ido. Kuma kak ka bari kowa shi taɓa idon ga da ƙarhe."

Ya faɗi haka ne don ya san abin da ake ciki. Akwai wani mai maganin ido da ke yawo kasuwa kasuwa, yana soka siririn tsinken ƙarfe a gefen ido ya ture yanar da ta rufe gani. Labari ya zo cewa zai ci kasuwar Goronyo mai zuwa. Inna ta kafe a kan sai shi. Birni nisa, in ji ta, kuma Bature cire ido zai yi ya sa a kwalba. Hajo tana kuka tana cewa a bi maganar malamin asibiti. Ni na tsaya a tsakiya, kuma wanda ya riga ya yi ɓarna irin tawa ba shi da bakin musu da uwarsa. Na ce za mu Goronyo.

Kafin ranar kumburin ya sauka, idon ya ɗan buɗe, ja jawur, shuɗin na tsakiya. Na ɗora ta a jaki muka kama hanya mu biyu, muka kwana a gidan wani abokin cinikina, da safe muka shiga kasuwa. Mai maganin yana zaune a rumfa, mutane sun kewaye shi. Ina tsaye ya yi wa wani tsoho aiki: mutum biyu sun danne shi, tsinke ya shiga, tsoho yana salati. Da aka ɗaga shi ya ce yana ganin haske, aka yi kabbara. Mai magani ya leƙa idon Balki daga inda yake zaune, bai ko taso ba, ya ce yana ce ta haihuwa, mu jira bayan mutum biyu.

Na zauna da ita a cinyata. Don kada ta ga abin da ake yi wa na gabanmu, na juyar da ita, na kwantar da gefen fuskarta na dama a ƙirjina, tafin hannuna ya rufe baƙin idon gaba ɗaya. Shuɗin kaɗai ya rage a waje. Can sai na ji tana zillo. Wata Bafillatana mai tallan nono ce ta durƙusa kusa da mu, wani ɗan jan dutsen ado ya tsinke daga wuyanta ya faɗa cikin rairayi. Ƙanƙane ne, bai kai ƙwayar dawa biyu ba. Balki ta miƙa hannu kai tsaye, ba lalube, ta tsince shi da yatsu biyu, ta ɗaga tana nuna mini.

Na karɓi dutsen na jefa shi gefe, hannuna na nan a kan baƙin idon. Ta bi shi da kallo ta nuna inda ya faɗi. Na sake, ta sake. Subhanallahi! Idon da muka yi wata guda muna azabtarwa, idon da na ƙona da hannuna, yana gani sarai, har da ciwon da ke cikinsa. Shekara uku muna gida ɗaya, manya uku, ba wanda ya taɓa tunanin rufe ɗaya ya gwada ɗayan.

Aka ce, "Mai ɗiya, an zo gare ka." Na miƙe na saɓa ta a kafaɗa na fita daga rumfar. Ana ta kirana ban waiwaya ba, har jakin sai da na yi nisa na tuna da shi na komo.

Mako na biyar muka tafi birni ni da Hajo, a bayan motar 'yan albasa. Sai da na sayar da wani baƙin rawani da na rina don kaina kafin tafiyar ta yiwu. Kwana uku muna zuwa asibiti muna komawa masauki: ranar farko kati, ta biyu aka ce likita yana aiki, ta uku muka samu shiga. Baturen dogo ne mai jan wuya, da tafinta a gefensa, wani ma'aikacin asibiti mutumin Rabah. Ya haska idon da 'yar fitila, ya leƙa ta cikin gilashi, ya daɗe. Sai na ga fuskarsa ta saki, ya kira wani abokin aikinsa shi ma ya zo ya gani. Yadda suke kallon idon, ban taɓa ganin an kalle shi haka ba. Mu tsoro muke kallonsa da shi, su kuwa kamar an nuna musu abin da suka daɗe suna karantawa ba su taɓa gani ba.

Tafinta ya ce, "Likita ya ce ƙunar tana warkewa, za ta bar ɗan tabo ga gehe, amma ganin bai taɓu ba. Shuɗin kuwa ba ciwo na ba. Sunanai hetarokuromiya."

Na sa ya maimaita har sau uku, don in riƙe. Ya ce kalmar tsohon harshe ce, gaba tana nufin daban, baya tana nufin launi. Launi daban, shi ke nan. Na yi mamaki ƙwarai da na ji abin da ya hana gidana barci yana da suna a littafi, kuma an san shi a ƙasashen da ban taɓa jin labarinsu ba.

Likitan ya ga shuɗin hannuna ya tambayi sana'ata. Da aka gaya masa ya yi dariya, ya ce to ni zan fi kowa ganewa. Ya ce a cikin jikin mutum akwai wasu zaruruwa ƙanana da ido ba ya gani sai da madubin likita, sunansu kuromosom. Biyu biyu suke, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma a jikinsu aka ƙulla kamannin mutum duka. Tun yaro yana ciki, launi yakan taso ya bi jiki, ya je fata, ya je gashi, ya je ido, kowane wuri da lokacin da ya kamata ya isa. Wani lokaci saboda abin da ke ƙulle a zaren, launin ba ya isa wani wuri a kan kari, sai a rufe aiki babu shi. Wurin ya zauna da haskensa har abada, ba kuma abin da za a zuba daga waje ya shiga.

Na zauna ina jin wannan. Shekara talatin ina rini, ina ganin ni ne gwani don na san lokacin tsomawa da lokacin fitarwa. Ashe akwai rinin da ake yi a cikin duhun ciki, da zaren da ba a gani, ba rijiya ba toka, a fito da mutum kowane da kalarsa. Ni kuma na ɗauko ƙoƙo zan gyara.

Sai likitan ya tambayi ko tana magana. Hajo ta ce jinkirin baki gare ta. Ya ba Balki wata 'yar kwalba tana wasa, ya zagaya bayanta, ya ɗauki tasar ƙarfe ya sake ta a kan siminti. Ni da Hajo muka zabura, har wani ya leƙo daga waje. Balki ko gezau, tana ta juya kwalbarta a cikin haske.

Tafinta ya sassauta murya. Ya ce abin da ke kai launi ido, shi ne kuma ke gyara can cikin kunne, in bai isa ba kunne ba ya ji. Ba jinkiri ba ne, kuma ba su da maganinsa. Hajo ta toshe bakinta da mayafi. Ni kuwa mabuga na tuna, da barcin da take yi a gindin bango muna yabon halinta. Sannan wani abu ya fi wannan duka tsaya mini a rai: yarinyar da ba ta ji, idanunta su ne kunnenta, su ne bakinta, da su za ta san duniya. Kuma a Goronyo saura ƙiris da na ba da ɗaya an soke.

Kafin mu fita likitan ya yi tambaya ta ƙarshe. Ya ce abin gado ne, yakan bi dangi. Ko a cikinmu akwai kurma, ko mai ido irin wannan, ko wanda aka haifa da farin gashi a goshi? Hajo ta ce babu a nasu. Ni ma na ce babu, har da rantsuwa.

Da muka komo Wurno na zauna gaban Inna na kwashe komai na gaya mata, har tambayar ƙarshe. Tana kaɗi, ba ta ɗago ba, sai dai mazarin ya tsaya a hannunta. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Washegari da hantsi Hajo ta zo marina ta kira ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Na tarar da Inna zaune a tsakar gida a kan turmi, ba kallabi, ta tsefe kitso, ga ƙwarya cike da ruwan sabulu ya koma baƙi. Sauran gashinta da ɗan baƙinsa, furfura jefi jefi. Amma daga tsakiyar goshi zuwa sama, faɗin yatsu uku, fari ne fat har fatar wurin.

Ta ce, "Da shi anka haihe ni. Ƙanena da ya rasu can Tursa tun ba ka zo duniya ba, kurma na, idanunai duka biyu awa na Balki. Abin da anka yi muna can Tursa, ni kaɗai nis sani. Uwata ta hwara shahwa mini shuni tun ban yi wayo ba. Ubanka har ya koma ga Allah bai gani ba." Ta share ido da bakin zane. "Ran da anka miƙo min ita nig gane. Na so a ɓoye nata awa yadda anka ɓoye nawa. Ido kuwa ba shi ɓoyuwa. Ku yahe min."

Ni ne fa na yi shekara da shekaru ina dunƙula mata shunin nan da hannuna. Balki ta taho ta hau cinyar kakarta, idonta da sauran man asibiti. Ta kama farin gashin ta ja shi a hankali, ta leƙa fuskar Inna, ta sake kallon gashin, sai ta yi dariya.

Sauran jinyar mai sauƙi ce. Mako uku Hajo na wanke idon da tafasasshen ruwan gishiri tana sa mai, ja ya washe, ruwa ya tsaya. Balki ta fi wata biyu kafin ta yarda in ɗauke ta in hannuna na jiƙe. Mun koyi magana da hannu, ita ta koya mana yawancinta. Takan dafa bangon mabuga ta ji dukan a tafinta tana rawa. Yau ta girma, ita ke ware wa masaƙan unguwarmu zare, tana raba shuɗi kala biyar inda ni nake ganin uku.

Nasihata gajera ce. Wanda aka ba ɗa da ido daban, ko gashi daban, ko ya yi jinkirin magana, ya rufe ido ɗaya ya gwada ɗayan, ya tafa hannu a bayansa ya ga ko zai waiwaya, ya kai shi wurin masu sani tun da wuri. Kada ya zuba komai, kada ya bari a soka komai. Ya kuma tambayi tsofaffin gidansa da lallashi, don sun san abin da ba su faɗa.

Da wata ya tsaya bayan wankin kan nan, na dunƙula shuni kamar kullum na kai wa Inna. Ta juya shi a hannu, ta mayar mini, ta ce in sayar. Har ta rasu da farin goshinta a waje take zama, jikarta na gefenta. Tabon kuwa yana nan a gefen idon Balki na hagu, ɗan fari kamar ƙwayar gero. Duk abin da ke cikin idon nan aikin Allah ne, ban da shi. Shi kaɗai ne nawa, kuma kullum ta ɗago ta yi mini murmushi sai na gan shi.